Sunan Aro na Rumenah

A Teluk Bunut, kamar sauran ƙauyukanmu na kudancin tsibirin Lombok, sunan yanka kayan ƙuruciya ne. Ranar da mace ta haifi ɗan fari take ajiye nata ta ɗauki na jaririn. In an sa masa Mahsun ta zama Inak Mahsun ke nan, uwar Mahsun, mijinta kuma Amak Mahsun. In jika ya zo a ƙara musu girma, su biyun su koma Papuk wane. Da jin yadda ake kiran mutum ka san inda ya kai a duniya. Rumenah kuwa har furfura ta game mata kai tana nan Rumenah.

Ba wai da gangan ake cin fuskarta ba. Masu kara sukan ce Gwaggo, su zagaye sunan. Amma bari ranar biki ta zo, a tashi rabon aiki: Inak wance ta kama shinkafa, Papuk wance ta tsaya kan miya, Rumenah ta goge kwakwa. Sai sunan ya faɗo tsakiyar na sa'anninta tsirara, kamar an kira yarinyar da za a aika sayen gishiri. Takan amsa, ta ɗauki magogi ta zauna, har ta sa baki a raha. Amma abin yana cin ta, kuma duk mun san yana cin ta.

Mijinta Sahdi masunci ne. Shi ma da sunansa na yanka aka kai shi kabari, kuma ko sau ɗaya bai taɓa yi mata gori ba. Ya bar mata ɗaki biyu, da berugak, rumfar nan ta katako da kowane gida ke karɓar baƙi a kai, da wani siririn fili mai bishiyoyin kwakwa wanda ya miƙe daga bayan gidan har yashin bakin teku. A nan take shanya. Sana'arta ciyawar teku ce: ta ɗaɗɗaure 'yan rassa a jikin igiya, in ruwa ya janye ta shiga ta kafa, in sun yi ƙiba ta kwance ta baza a rana, masu mota su zo su auna. Gishiri duk ya tsattsage mata tafin hannu. Ba ta da yawan magana, amma in ta buɗe baki ba ta raga wa kowa.

Kada kuma a ce ba ta da kowa, don ƙarya ne. Akwai Senim, 'yar fari a gidan ƙaninta. Tun yarinyar tana rarrafe hanyar gidan Rumenah ta fara sani. Da ta tasa ita ke ɗebo mata ruwa, ita ke taje mata kai, in baya ya riƙe ita ke shafa mata mai. Rumenah ta sha faɗa a gaban mutane cewa filin shanyar na Senim ne, in ta yi aure a nan za a kafa mata gida. Ba a rubuta ba, don mu ba ma rubuta irin wannan. Sai dai duk hidimar da yarinyar ke yi, sunanta yana wuyan wata. Matar ƙanin ce Inak Senim, ita ta yi naƙudar, kuma ba a raba wa mata biyu sunan ɗa ɗaya.

Ana haka baƙi suka fara zuwa. Wata ƙungiya ce ke kawo su lokacin hutun makarantar 'ya'yansu, miji da mata da yara, wai hutu suka zo amma hutun taimako. Su tsince robobin da teku ta tofar, su dasa itatuwa a cikin laka, su yi wa makarantar firamare fenti. Makarantar nan ta sha fenti har bangonta ya yi ƙiba, rufin kuwa yana nan yana yoyo, don ba mai biyan kuɗin jirgi ya zo ya hau kwano. Amma tsakani da Allah yawancinsu mutanen kirki ne. Suna gai da tsofaffi, suna cire takalmi, suna cin abin da aka ba su ko da barkono na zubar musu da hawaye.

Da yake Rumenah tana da ɗaki a banza, aka sauke mata wasu daga Ostireliya: Graham, dogo mai jan wuya, da matarsa Lorna, da 'yarsu Tilda wadda ko famfara ba ta fara ba. Iyayen su fita tsintar roba, yarinyar ta ƙi bin su. Bakin zanen Rumenah ta kama, kuma ta ƙi saki. Ta bi ta rijiya, ta bi ta cikin laka, ta tsuguna gefenta tana ɓata mata ƙullin igiya. Ranar da wani abu ya harbe ta a ruwa ba wajen uwarta ta ruga ba. Rumenah ta tauna ganye ta tofa mata a wurin, ta goya ta har ta yi barci.

Wata rana mata suna zaune a wurin shanya suna tsince yashi daga ciyawa, Tilda ta ɗebi ɗanya ta cusa a baki. Inak Mahsun, wadda bakinta ba ya hutu, ta ce, "Inak Tilda, tsawata wa 'yarki mana, za ta cinye miki jari." Aka kwashe da dariya. Rumenah ma ta yi dariyar, ta zare ciyawar daga bakin yarinyar. Tunda uwarta ta haife ta ba a taɓa kiranta haka ba, ko da wasa.

Daga ranar ta kasa kunne. Ta lura mijin Lorna yana ce mata Lorna, abokan tafiyarsu ma Lorna. Ta sa tafintan ƙungiyar ya tambayi Lorna yaya ake kiranta a can garinsu tunda ta haihu. Matar ta yi mamakin tambayar, ta ce Lorna mana. Ashe sunan yarinyar yana nan a yashe, uwar da ta haife ta ko ɗaga shi ba ta yi ba. Rumenah ta kwana biyu tana juya maganar, sannan ta cire kunya ta tambaya ko Lorna za ta ji haushi in ana ce mata Inak Tilda. Lorna ta rungume ta, har da 'yar ƙwalla, ta ce haushin me, ai yanzu sun zama dangi.

Kalmar nan ta dangi tana cikin 'yan kalmomin da baƙinmu ke fara koyo, ita da na gode da akwai daɗi. Ban ce ƙarya Lorna ta yi ba. A wurinsu, yadda na fahimta, wanda ka ji daɗin zama da shi ka ce masa dangi. A wurinmu dangi shi ne wanda zai kwana a kanka in kana jinya, ya yi maka wanka in ka mutu, ko yana sonka ko ba ya sonka. Rumenah da mudunmu ta auna maganar, don shi kaɗai ta sani.

Suka tafi, shekara ta zagayo suka dawo, suka sake dawowa. Sunan ya bi ta. Wasa ya zama gaske, har liman in ya zo wucewa sai ya ce Inak Tilda, an tashi lafiya? Tafiyarta ma ta sake. Ranar biki in an ce Inak Tilda ta goge kwakwa, sai ta yi kamar ba ta ji ba don a maimaita. Mutum ɗaya ne ya ƙi, ƙaninta Amak Senim. Shi Yaya yake ce mata, in kuma wani ya ambaci sabon sunan a gabansa sai ya ce wa, ya yi ta waige-waige wai yana neman mai shi. Ya ce sunan aro ne, shi kuwa ba zai kira yayarsa da kayan mutane ba.

A lokacin ne ƙasar bakin teku ta fara tsada, Graham ma ya kamu. Kullum da yamma yana tsaye yana kallon faɗuwar rana, yana cewa in ya bar aiki a nan zai ƙare kwanansa, Tilda ta tashi ƙafa ɗaya can ɗaya nan. Doka ba ta yarda baƙo ya mallaki ƙasa kai tsaye ba, amma akwai haya ta shekaru masu yawa, irin wadda mai fili ba zai ga ƙarshenta ba in dai ya manyanta. Dillalai suka yi ta yawo da shi a babur suna nuna masa wurare a wasu garuruwa. Abin da ya tayar wa Rumenah hankali ke nan. In ya gina a wani gari, Tilda ta zama ta wani gari.

Don haka a bar ɗora wa Graham laifi a nan. Bai roƙa ba, ko nuna filin da yatsa bai yi ba. Ita ta kama hannunsa ta zagaya da shi ƙarƙashin kwakwar, ta nuna masa iyaka. Ko ciniki ba ta tsaya yi ba, a ganinta abin kunya ne ta yi ciniki da uban 'yarta. Shi kuma bai cuce ta ba, ya biya abin da ake biya a lokacin.

Amak Senim ya zo ya same ta a berugak tana ɗaurin igiya. Ko zama bai yi ba.

"Yaya, filin nan na Senim ne. Da bakinki kika faɗa, gari ya ji. Ga aurenta ya matso."

"'Yata na ba."

"Wace 'yar? Wadda jirgi ke kawowa jirgi ya mayar?"

"Kai me ka sani? Gemunka bai gama fitowa ba aka ce maka Amak. Ka taɓa zama cikin sa'anninka a kira ka kamar ɗan aike?"

Ya ce to, Allah ya sa alheri, ya juya. Sai da aka yi wata da watanni bai taka gidan ba.

Senim kuwa ba ta fasa zuwa ba. Ta ci gaba da ɗebo ruwa da shafa mai har ranar aurenta. Rumenah ta kashe mata kuɗi a bikin fiye da uwar da ta haife ta, aka yanka sa, aka ci aka bar shi. Amma nama ba ya zama wurin kafa gida. Angon, Sahram, ba shi da ƙasa, gidan ubansa kuma cike yake da ƙanne. Da aka zo neman ma'aikatan gonar kwakwar manja a Malesiya ya ba da sunansa, ita ma ta bi shi. Ranar tafiya ta zo sallama, ta durƙusa ta sumbaci hannun gwaggonta yadda ake yi, ta ce, "Da kin jira ni, Gwaggo. A tsakar gidanki na so in haifi ɗan farina." Rumenah ta ce mata ta tashi kada mota ta bar ta.

Aka gina gida fari ƙal, da ɗan tafkin wanka a gaba, alhali ga teku nan kyauta. Shekarun farko sun yi daɗi, wannan ba a musu. Babu katanga. Da sassafe Tilda za ta ƙetaro ba takalmi, ta haye berugak ta ci shinkafa da busasshen kifi da hannu, tana karya harshenmu yadda ta ga dama. Rumenah ta fara kiwon kaji musamman don zuwanta. In aka tambaye ta ina 'yar, sai ta ce tana makaranta can wajen mutanen ƙetare, sai ka ce ita ta ba su riƙo.

Sai dai gida irin wannan ba a barinsa a rufe mafi yawan shekara. Graham ya ba wani ɗan birni ya riƙa sa baƙi 'yan kwana biyu. Baƙin suka ce warin ciyawa yana damunsu, kaji kuma suna shiga musu tafki. Ɗan birnin ya ja katanga. Da Graham ya zo ya gani ya yi ta ba da haƙuri, ya ce za a fasa ƙofa ta gefenta. An kuwa fasa, amma makullin yana hannun mai gadi. Shanya ta koma can ƙarshen gari bayan maƙabarta, Rumenah da kwando a ka tana zagaye katangar filin mijinta. Daga baya aka ji Graham da Lorna sun rabu. Zuwan ya koma jefi-jefi, sannan hotuna a wayar mai gadi, sannan hotunan ma suka ɗauke. Kajin suka tsufa, ta yanka, ta sayi wasu.

A tsakanin nan Inak Senim ta kwanta ciwo ta rasu. Ba a daɗe ba labari ya zo daga Malesiya cewa Senim ta sauka, namiji, an sa masa Ilham. Amak Senim ya wayi gari Papuk Ilham. Kaka mace kuwa tana kabari, sunan ta ɓangaren mace babu mai shi. Da a tsakar gidan Rumenah aka haifi yaron, da ita ta yi masa wankan farko ta goya shi, ba mai tsayawa shawara, Papuk Ilham za a ce mata ita ma, suna na jini wanda ba mai zuwa ya ce na aro ne. Mata sun yi wannan lissafin a bakin rijiya. Ita ma ta yi shi, ba sau ɗaya ba. Amma irin wannan ba a roƙonsa. Senim tana aiko da gaisuwa da zane duk sallah, ba ta taɓa fasawa ba, ba ta kuma taɓa ta da maganar ba. Sai Rumenah ta ƙara ƙanƙame wanda ke hannunta, ko banza dai da tsada ta saye shi.

Ta riga ta fara dogara sanda lokacin da mai gadi ya leƙo ya ce Tilda na zuwa. Haba, sai ka ce an zuba mata sabon jini. Ta share tsakar gida har ƙasa ta yi santsi, ta sa aka kama zakara, ta daka yaji da hannunta, ta aika a gaya wa maƙwabta. Ranar berugak ta cika har wasu na tsaye. Papuk Ilham ma ya zo, ya rakuɓe daga nesa yana shan tabarsa.

Wadda ta sauko daga mota doguwa ce kamar ubanta, ta rufe kafaɗa, ta cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Harshen ƙasa a bakinta tas, a jami'a ta koya. Ta faɗa jikin tsohuwar tana kuka, Rumenah tana shafa mata kai tana cewa kin rame, ba sa ba ki abinci ne? Aka ci, aka yi dariyar ranar da ta so ta cinye jari. Sannan Tilda ta gyara zama, ta kama hannayen Rumenah biyu, ta ce tana da magana, kuma a gaban kowa take so ta yi ta.

Ta ce ubanta ya miƙa sauran shekarun hayar ga wani kamfanin otal. Ta yi faɗa da shi har sun daina magana, bai ji ba. Ta ce ta yi karatu a kan irin zuwan da suka riƙa yi, ta gane abin da suka yi wa garin nan, kuma kunya ta daɗe tana hana ta sakat. Rumenah tana gyaɗa kai. Ita otal bai dame ta ba, fili ai ya daɗe da tafiya. Jira take yarinyar ta ce ta zo ke nan, za ta zauna.

"Mun karɓe miki fili," in ji Tilda, "har sunanki muka karɓe. Mace kamarki, a ce kin ƙare rayuwa ana kiranki da sunan 'yar baƙi. Ke ba Inak Tilda ba ce. Ke Rumenah ce, kuma ina roƙon kowa a nan ya mayar miki da sunanki."

Wurin ya yi tsit. Inak Mahsun da ta raɗa sunan, wadda yanzu Papuk ce mai jikoki, ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafa a tabarma.

Tilda ta ɗauka shirun na girmamawa ne. Ta miƙar da tsohuwar, aka ɗunguma zuwa babbar ƙofar farin gidan da ke bakin titi. Ta ce sharaɗi ɗaya tak ta iya ƙwatowa daga kamfanin, ga shi nan. Ta yaye ƙyallen da aka rufa wa wani allon katako, ta karanta da ƙarfi: Gidan Rumenah. Haruffan manya ne, an shafa musu ruwan zinariya, mai wucewa a babur ma zai gani. Ta ce daga yau duk wanda ya sauka a nan, daga ko'ina ya fito, sai ya faɗi sunan.

Rumenah ta daɗe a gaban allon. Ba ta yi boko ba, amma ta san zanen sunanta daga katin zaɓe. Ta dubi yarinyar, fuska jiƙe da hawaye, tana jiran a ce mata ta kyauta. Yaya za ka yi da baƙon da ya ƙetaro teku don ya kawo maka kyauta? Ta ce ta gode. Ba ta ƙara da 'yata ba, Tilda kuma ba ta lura ba. Ta ƙulle mata busasshen kifi da yaji, ta raka ta har mota, yarinyar ta tafi zuciyarta wasai.

Washegari ruwa ya janye da wuri. Papuk Ilham ya hango ta can cikin laka ita kaɗai, ta jingina sandar da turke tana kafa igiya. Ya naɗe wando ya shiga, abin da ya yi shekara da shekaru bai yi ba, ya kama ɗaya bakin igiyar. Suka yi ta aiki. Ya yi gyaran murya, ya sake yi. Sannan, ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Inak Tilda, miƙo min wancan turken."

Tunda aka raɗa sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba sai ranar. Ta ɗauko turken ta miƙa masa.

"Bari, ƙanena," in ji ta. "Mai sunan ta zo ta karɓi abinta."